Isuhu, transfon Gazawa da saniyar Buba

Shekara ashirin ke nan da rasuwar yayana Isuhu, kuma har yau akwai yafiyar mutum ɗaya da na kasa samo masa.

Isuhu ne ke kula da transfon da ke ba famfon garinmu, Gazawa, kuran, wato wutar lantarki. Shekarar da fari da fara suka haɗu mana, rijiyoyi suka ƙafe, kowa ya dawo kan famfon nan, har makiyayan Gangara. Transfon kuwa tsoho ne. Cikinsa mai ne da takarda naɗe da wayoyi. In man ya yi zafi fiye da kima sai takardar ta riƙa gasuwa a hankali, ba hayaƙi ba ƙara, har ranar da zai mutu gaba ɗaya. A jikinsa akwai allura mai nuna zafi. Da bazara ta tsananta, kullum rana tsaka sai allurar ta kai ja, Isuhu ya kashe kuran sai la'asar.

Zagin da ya sha, Allah kaɗai ya sani. Shi kuma ba gwanin lallashi ba ne, iyakarsa ya ce da babu gara ba daɗi.

Wata rana wani dattijon makiyayi, Buba, ya same shi gindin transfo.

“Malam Isuhu, don Allah kunna ko kaɗan. Naggen ga ba ta kai la'asar.”

“Baffa, in na kunna yanzu, gobe ba mai shan ruwa garin ga.”

Bai kunna ba. Saniyar ta kwanta bakin kwami, sai wuƙa aka sa mata. Ita ce ta ƙarshe cikin garken da Buba ya gada.

Bazara ta gaba sanƙarau ya ɗauke Isuhu. Wajen jana'iza liman ya roƙa masa yafiya, kowa ya amsa. Buba ya bi salla, amma bai buɗe baki ba. Ina kusa da shi.

Yau an sa sabon transfo, mai aika labarin zafinsa buro, wato ofishin masu wuta, a Maraɗi, ya kuma kashe kansa ba da shawarar kowa ba. Da Isuhu na nan, na san zai ce na'ura ta huta, ba ta haɗuwa da kowa a masallaci.

Me ya rage na yayana? Gari ya sha ruwa har damina ta sauka, amma ba mai tunawa, don masifar da ba ta auku ba ba ta da shaida. Wannan yana yi mini ciwo ƙwarai. Buba ma ban ga laifinsa ba, wanda ya ƙone shi ya san zafin wuta.

Duk shekara nakan je Gangara ranar kasuwa. Buba ya sa a dama mini fura, mu yi hira, da na ɗauko maganar yafiya sai ya dubi ƙasa. Bana da na je, ɗansa kabari ya nuna mini. Na yi masa addu'a na juyo. Magana ta koma tsakaninsu su biyu, a gaban wanda ya san nauyin saniya ɗaya da na gari guda.