Surukina Arkadi, Mai Sandar Makaɗan Rasha

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar surukina, Baba Arkadi, mahaifin matata Nina. A Wudil kaɗan ne suka san shi, don sau ɗaya ya taɓa zuwa. A ƙasarsu Rasha kuwa jagoran makaɗa ne, wato mutumin da ke tsayawa gaban taron masu goge da masu busa da masu ganga riƙe da 'yar siririyar sanda. Shi ba ya kaɗa komai, amma babu mai motsa hannu sai ya ba da izini.

Ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa ne, da gogen aro ya koyi kiɗa. Kafin ya kai shekara arba'in har an damƙa masa wata babbar ƙungiyar makaɗa a babban birninsu. Ana nan sai hukuma ta ce ya sallami babban mai gogensa, wai don ƙanin mutumin ya tsere ƙasar waje. Arkadi ya ce shi dai kunnensa bai jiyo laifin mutumin nan ba. Aka tuɓe shi, aka jefa shi wani garin masu haƙar kwal, inda sanyi ke daskarar da hawaye a kumatu.

Abin da ya tarar a can 'yan tsirarun makaɗa ne da kayan kiɗa duk sun lalace. Bai zauna kuka ba. Ya bi makarantu da gidajen ma'aikata yana zaƙulo masu baiwa, yana gyara kaya da hannunsa. Cikin rigunan sanyi suke gwaji, sun yanke bakin safar hannu don yatsu su samu taɓa tsirkiya. Mai gogen nan ma da aka kore shi, can ya bi shi.

A wannan gari na fara ganinsa. Ina karatun likitan dabbobi ne a ƙasarsu lokacin, na je neman auren Nina. Na durƙusa na sunkuyar da kai yadda aka koya mana a gida. Ya ɗago ni, ya rungume ni, ya sumbaci kumatuna biyu, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

“Ɗana,” in ji shi, “ɗago ka dube ni. Wanda ba ya duban mai magana, ban yarda yana sauraro ba.”

Da zamani ya juya, aka gayyaci makaɗan garin kwal zuwa babban birni, zuwa ainihin zauren kiɗan da aka kore shi daga cikinsa. Ina wurin, Nina na riƙe da hannuna. Wasu daga cikin waɗanda suka tuɓe shi suna sahun gaba, sun yi furfura. Ya ɗaga sanda. Kiɗan ya taso a hankali kamar hadarin gabas, ya yi ta hauhawa har na ji kujerata na girgiza. Da ya sauke hannu sai jama'a suka miƙe gaba ɗaya, tafi kamar rufin zai faɗo. Bai rusuna ba tukuna. Sai da ya taka ya kamo hannun tsohon mai gogen nan, ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Aka yi masa tayin tsohuwar kujerarsa, ya yi godiya, ya ce mutanensa suna jira, ya koma garin kwal.

Bayan mun dawo gida mun zauna a Sabon Garin Wudil ya kawo mana ziyara. Ranar Juma'a na kai shi kasuwa don ya ga shanu, amma da ya jiyo kalangu wajen mahauta sai ya kafe. Ya tsaya cikin rana har ya yi jawur. Da na faɗa wa makaɗan sana'arsa, nan take suka saka shi a kiɗa: “Bature, Sarkin Makaɗa!” Dattijo ya jefar da hula ya shiga rawa, mahauta na ihu.

Yanzu nakan wuce ta wani shago inda saurayi ɗaya da kwamfuta yake haɗa waƙa sukutum, babu makaɗi ko ɗaya. Nakan ce, da Baba yana nan me zai ce? Na san ba zai yi faɗa ba. Kujera zai jawo ya zauna ya ji, ya yaba abin yabawa. Amma daga ƙarshe zai ce yaron ya nemo abokai, domin a wurinsa daɗin kiɗa shi ne mutane da yawa su koyi jin juna.

Da ya rasu bai bar gida ba, bai bar mota ba. Ƙungiyar da ya gina tana nan, ɗalibarsa ce ma ke jagorantarta yanzu. Jiya da hantsi Nina ta kunna wani tsohon kiɗansa a waya tana tsintar shinkafa, sai ga Hajiya Talatu, maƙwabciyarmu 'yar Kausani, ta shigo aron turmi. Ta tsaya tana saurare, turmin ma ta manta.

“Maman Fa'iza, wannan kiɗa babu mai waƙa ne?”

Nina ta ce, “Babu, Hajiya. Babana ne.”

Hajiya Talatu ta gyara zani ta zauna a tabarma. “To, maido shi daga farko.”