Farantin Baƙon Gwaggo Blažena

Gwaggo Blažena ta yi rabin rayuwarta tana dafa wa 'yan makarantar ƙauyenmu abincin rana, nan gindin duwatsun Tatra. Duk mai tumbin da ka gani a ƙauyen nan, daga direban bas har limamin coci, ita ta aza masa harsashi. Da ta ajiye aiki sai hannu ya shiga yi mata ƙaiƙayi. 'Ya'ya sun watse, ɗaya na Bratislava, ɗaya na can ƙetare, ba wanda za ta ɗura wa sai mijinta Vendelín, shi kuwa likita ya raba shi da maiƙo.

Sai ta ƙyalla ido kan ɗakin baya, inda Vendelín ke jibge kayan kiwon zumansa. Ta ce masaukin baƙi masu hawan dutse za ta mayar da shi.

"Ke da baƙi?" in ji Vendelín. "Tsohuwa, kwana ɗaya za su yi su ranta a na kare. Ke fa ba ki san a'a ba."

"Na san ta mana. Ba ita ce abin da mutum ke faɗa kafin ya ce to ba?"

Suka ƙulla sharaɗi. In baƙon farko ya gudu kafin kwanakinsa su cika, ɗaki ya koma hannun Vendelín. In ya zauna, kayan zuma sun tare a rumfar awaki ke nan.

Baƙon farko wani dogon ɗan Holan ne mai suna Joost, siriri kamar an zana shi da fensir. Ya zo ne don ya hau dutsen Kriváň, zai zauna har Lahadi. Shigowarsa ke da wuya ya taka dardumar Gwaggo da takalman hawan dutse. Ihun da ta yi har kajin maƙwabta sun amsa. Ta cusa masa silifas ɗin 'yarta masu ruwan hoda, diddigensa na reto a waje.

Vendelín ya taɓa aikin gini a Ostiriya, yana da guntun Jamusanci mai tsatsa, wanda Joost ma ke ji, don haka shi ne tafinta. Da aka ɗaga kofunan maraba, Joost ya tsura wa nasa ido maimakon ya dubi idon maigida yadda al'adarmu take, sai da aka sa shi ya sake.

"Wai mahaifiyarsa ta ce ya gaida mata teku," in ji Vendelín.

"Teku kuma? Ce masa nan Slovakiya ce, ba Sloveniya mai teku ba. Ruwanmu na cikin tukunyar miya."

Aka kawo miyar kabeji, ya shanye. Aka kawo halušky, 'yan curin dankali cikin cukun tumaki, ya cinye, ya ma bi farantin da burodi ya goge tas.

A nan aka yi karo. A wurinmu farantin da aka suɗe yana nufin mai shi bai ƙoshi ba, wanda ya ƙoshi yakan bar 'yar loma a gefe. A garin su Joost kuwa, barin abinci a faranti wulaƙanta mai girki ne, kuma a'a ɗaya tak suke da ita.

"Kai, Allah sarki, yunwa ta cinye yaron nan!" Gwaggo ta sake labta masa.

Joost ya ɗaga hannu biyu, ya yi magana.

"Wai ya ƙoshi," in ji Vendelín.

"Kunya ce. Dubi farantinsa, har fuskata nake gani a ciki. Ci, ɗana, ci!"

Ya ci. Ya goge. Ta ƙara. Vendelín ya san al'adar ɓangarorin biyu sarai, amma ya yi gum, yana ta murmushi yana auna inda zai maido da akwatunan zumansa. Can sai ga Joost yana gumi, ya sassauta bel, idanunsa sun yi raurau, amma cokali na hannunsa kamar soja a bakin daga.

Washegari ba a hau Kriváň ba. Da hantsi Joost ya fito a duƙe, jaka a bayansa, ya ce zai koma masaukin da ke kusa da tashar jirgin ƙasa.

Vendelín ya fassara, yana jiran Gwaggo ta tada jijiyar wuya. Ba ta tada ba. Ta dubi teburin da ta cika da ƙwai da burodi da cuku, ta ce a hankali, "Girkina ne bai yi masa ba? Tambaye shi, tsoho. Ko hannuna ne ya tsufa?"

Sai ta kwance gyalen girkinta ta ninke. Tun da ya aure ta, Vendelín bai taɓa ganin ta kwance shi da rana tsaka ba.

Ya yi tsaki, ya fizge jakar Joost, ya ja shi bakin ƙofa. "Kai dogo, saurara. Bar loma ɗaya a faranti. Ɗaya tak. Shi ne birkinta."

"Ba za ta ji haushi ba?"

"Ni da nake raye har yau, da me kake tsammani na tsira?"

Joost ya dawo ya zauna. Ya ci ƙwai, ya ci burodi, sannan ya ture guntun cuku gefen faranti kamar wanda ya yi sata a coci. Gwaggo ta leƙa farantin, ta leƙa fuskarsa.

"To, yanzu ya ƙoshi," ta ce, ta maida gyalenta. "Da ma tun jiya ya faɗa mana!"

Joost ya cika kwanakinsa, ya ma hau Kriváň ranar Asabar, da guzurin da sai da ya raba wa duk wanda ya gaishe shi a hanya. Vendelín na can rumfa, awaki na cin igiyar kayansa yana zaginsu. Ita kuwa Gwaggo, duk wanda ya tambaye ta cewa take 'yan Holan mutanen kirki ne, sai dai ba su da ci.