Munsharin da Na Ɗauka Barci Ne

A lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da samun aiki a wata ma'aikatar tarayya a Abuja ba. Na baro gidanmu a Kano na kama ɗaki a Gwarinpa, karo na farko a rayuwata babu mai tambayata ina za ni. Ni mai kunya ce ƙwarai, ko oga ne ya yi mini tambaya a ofis sai in sunkuyar da kai. Wadda ta fara jana a jiki wata abokiyar aikina ce 'yar Abaji, iyayenta manoma. Hausarta ta koyo ce, takan ce mini kai maimakon ke, in na yi dariya ta ce ai dai na gane. Da muka shaƙu sai ta dawo ɗakina muka zauna tare.

Saurayinta ne ya fara kai mu wani gida mai wurin ninƙaya, inda matasa ke taruwa ranar Asabar da rana. Da na ce ba na shan giya, sai ya ce akwai abin da ba giya ba, ba ya wari, ba wanda zai gane. Ya fito da 'yar kwalba mai ruwa garau ya ɗiga mana a lemo. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗinsa. Jikina ya yi ɗumi, kunyar ta gudu, na yi rawa, na yi hira da baƙi kamar 'yan gidanmu. Daga nan barci mai nauyi ya kwashe ni, na farka ban tuna rabin abin da na yi ba. A gidan an saba ganin mutum yana cikin magana ya kife. Sai a ja shi gefe a kwantar, a ce ya tafi hutu, a yi dariya. Akwai ranar da na farka na ga ɗankwalina a wuyan wani da ban sani ba, har yau ban san yadda aka yi ba, amma da Asabar ta zagayo na koma.

Ranar da abin ya faru ƙawata ta zo gidan ranta a ɓace, sun samu saɓani da saurayin. Ta sha giya, abin da ba ta saba ba, sannan ta karɓi lemon da aka ɗiga wa ruwan kwalbar. Can ta ce bai kama ta ba, ta sa aka ƙara mata. Wajen la'asar ta zo ta kwanta a doguwar kujera, ta ɗora kai a cinyata. Sai ta fara munshari mai ƙarfi, ya tsaya, ya dawo. Ɗaki ɗaya muke kwana, na san ba ta munshari, amma kaina a lokacin kamar an cusa masa auduga. Wata yarinya ta ce gara a kai ta asibiti. Mai gidan ya ce kada a jawo masa 'yan sanda, barci ne. Ni ma da bakina na ce barci ne. Ina shafa kitsonta ina kaɗa ƙafa da kiɗa. Da munsharin ya tsaya har daɗi na ji, na ce ta samu natsuwa. Sai da na kama hannunta na ji sanyi, na duba na ga leɓɓanta sun canza launi.

A asibiti aka tabbatar ta rasu. Likitar ta tambaye ni yadda aka yi, na faɗa mata komai. Ta ce wannan ƙarar ba ta barci ba ce, numfashi ne ke ƙarewa, kuma da an kawo ta tun a lokacin, da akwai abin da za a yi.

Ni na je tashar Utako na taro mahaifiyarta. Tsohuwar ta riƙe hannuna biyu, ta ce an gaya mata a cinyata 'yarta ta cika, ta gode da ban bar ta ita kaɗai ba. Ta kira ni 'yata. Bayan an yi makoki ta aiko mini da doya daga gonarsu. Na kasa ci, na kasa kyautarwa, har ta tsiro a kicin.

Ban sake taɓa kwalbar nan ba. Na yi aure yanzu, amma in maigidana ya kishingiɗa bayan azahar ya fara munshari, sai na girgiza shi ya buɗe ido kafin hankalina ya kwanta. Ya ɗauka tsokana ce. Ina neman gafarar Allah kullum, mahaifiyarta kuwa ban iya gaya mata gaskiya ba har yau.

'Yan'uwana mata da maza, abin da na koya shi ne ruwan nan ba ya bambanta wanda zai farka da wanda ba zai farka ba, kuma mai ɗiga maka shi ma bai sani ba. Ku guje shi. In kuwa kun tarar da wani ya sha ya kife, kun kira shi bai amsa ba, ku ɗauke shi zuwa asibiti ko wa zai ji kunya. Kada ku jira ya yi shiru.