Tsanin Abdulkahar

A Birnin Gwari, in ka hango tsani ɗaure a gefen babur, to Abdulkahar ne. Shekara goma sha huɗu yana kafa wa mutane dish, tun zamanin da ake ɗaura eriya a kan gora ana fama. Tashar Kaduna ta yi nisa, ga tuddai ga itatuwa, kafin hoto ya iso duk ya zama yayyafi. Shi kuwa dish, in ji shi, daga sama yake karɓa: tauraron ɗan'adam na can wuri guda, faranti ya tara saƙon ya tura wa ɗan kan da ke bakin sanda, waya ta kai wa risiba. Ba kati, ba biyan wata. Sai dai in ya goce ko da faɗin yatsa ne, shi ke nan.

Aikin na mutum biyu ne. Shi yana kan rufi da sifana yana juyawa a hankali, matar gida na ɗaki ta zuba wa talabijin ido.

"Ya kawo! A'a, ya ɗauke!"

"To yanzu fa, Hajiya?"

Daga can sama kuwa ba abin da ba ya gani: rumbu, tumaki, sabon babur, shanyar mata. Bai taɓa saukowa da maganar gidan wani ba, shi ya sa ake barinsa ya hau.

Wata Talata da hantsi, a hanyar Kuyello, 'yan bindiga suka tare shi. Ba fansa suke so ba, ogansu ne ke son kallon ƙwallo. Suka shiga da shi daji. Suna da sola da batir da dish ɗinsu, amma reshen ƙirya ya tare wa faranti sama, sai da ya roƙa aka sare. Ya juya, bakin bindiga na bayansa, har hoto ya fito tas. Kwana uku suka sallame shi, har da babur ɗinsa.

Babur ɗin nan ne ya kashe masa kasuwa. Matarsa Muslimat ta yi kukan murna, gari kuwa tambaya ya yi: wa aka taɓa saki da babur? Bayan mako biyu aka sace mutum a wani gida da ya taɓa hawa. To wane gida ne bai hau ba a garin nan? Amma wa zai tsaya wannan tunanin? Aka ce infoman 'yan bindiga ne. Ba wanda ya faɗa masa ido da ido, kiransa kawai aka daina. Abin ya yi masa ciwo har ya rame.

Da iskar farkon damina ta karkatar da farantai, ya ɗauki tsani ya nufi gidan Modibbo, aminin marigayi mahaifinsa. Modibbon nan ne mutumin da ya fara kafa wa dish a duniya. Ya jingina tsani, ya sa ƙafa. Tsohon ya fito ya dafa tsanin.

"Bar shi, ɗana. Mun ma daina kallo."

"Baba, faɗin yatsa ne fa. Kyauta zan yi."

Modibbo ya waiga wajen garken shanunsa, ya sunkuyar da kai, kuma bai ɗauke hannun ba.

Abdulkahar ya saɓa tsaninsa ya koma gida. Yana nan jingine a bayan ɗaki har yau, Muslimat na shanya a kai.