Faifan Kawu da Rana Ta Lanƙwasa

Bari in faɗa da bakina kafin ƙannena su riga ni: ni ne na manta faifan Kawu a gaban gilashin mota, a unguwar Abbasiya ta birnin Alƙahira, a tsakiyar zafin bazara. Har yau in na shiga maikurobas, ƙaramar bas ɗin haya, da rana tsaka, warin roba mai zafi ya daki hancina, sai in waiga in duba ko Kawu na bayana.

Faifan na wasa ne, na roba, faɗinsa bai wuce gurasar da ake sayarwa a bakin titi ba. Daga nesa ake wurga shi zuwa wani kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi. Inda ya faɗi, nan za ka tsaya ka sake jifa, wanda ya shigar da nasa da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. Kawu, ƙanen Mama, a ofishin jakadanci yake aiki, kuma shi ya taho da wasan daga wata ƙasa mai sanyi da aka taɓa tura shi. Ya sa wani mai walda a unguwar Ard al-Liwa ya ƙera masa kwanduna. Duk Juma'a bayan la'asar sai a loda su a mota a tafi wani fili mai rairayi da 'yan itatuwan dabino a bayan gari.

In ka ji an ce dattawa sun tafi wasa, kada ka yarda. Gardama suke zuwa yi, jifan kawai na huta baki ne. Kawu da mutanensa 'yan tsohuwar roba ne, mai taushi, mai kama yatsu. Yana cewa duk bishiyar da ta ci bakinta ƙara mata hankali take yi, har ta san hannun mai ita. Ɗaya ɓangaren kuwa na wani dattijo ne Bahaushen Sudan daga unguwar Arba wa Nus, muna ce masa Ammu. Ɗansa ke aiko masa da sababbi masu sheƙi, ana hango rana ta cikinsu kamar alawa, ko mota ta taka su ba sa ji. Kawu ya ce in hannu ya yi gumi sulɓewa suke kamar tarwaɗa. Ammu ya ce na Kawu tsofaffin silifa ne aka yanka da'ira.

A cikin jakar Kawu akwai wani faifai ruwan goro da tambarinsa ya goge tas. Kamfanin ya daina yin irinsa, kuma Kawu bai taɓa yafe musu ba. In ya fara zancen sai ka ɗauka rasuwa aka yi, har Mama ta taɓa tambayarsa ko mu je ta'aziyya. A cikin tawul yake naɗe shi. Ni kuwa a lokacin ban gama firamare ba, abin da aka ce kada in taɓa shi ne kaɗai hannuna ke so.

Ranar da abin ya faru, an aike ni ɗauko jakar daga mota. Na zaro shi don in yi wa 'ya'yan maigadin gidanmu burga, na yi fifita da shi, na ɗora ta'amiyya, ƙosan Alƙahira, mai zafi a kai na cinye, sannan na ajiye shi a gaban gilashi da niyyar dawowa. Sai washegari da azahar na tuna. Na tarar gefe ɗaya ya lanƙwashe kamar kunnen akuya. Na sa shi ƙarƙashin katifa, na zauna a kansa har ƙafata ta yi sanyi, na yi masa addu'o'in da ban gama haddacewa ba. Mama ce ta tsince shi tana gyaran gado.

Kawu bai dake ni ba, da ma ya yi. Ya yi ta juya faifan a hannu. Ƙarshen bazara akwai karawar da ɓangarorin biyu suka saba yi, waɗanda aka cinye su za su riƙa dakon kwanduna da dafa shayi har sanyi ya wuce. Da ruwan goron Kawu ke taƙama a wannan rana.

"Kai ka ɓata shi, kai za ka jefa shi," in ji shi. "In ka ba mu kunya a gaban Ammu, khalas, shi ke nan, kai da filin nan sai dai labari."

Sai na shiga koyo a bayan gidanmu. Faifan ya zama ɗan tawaye: duk inda na nufa sai ya karkata dama. Ya sauko da shanyar matar bene na biyu, ya kifar da shayin maigadi, wata kyanwa ta yi hijira daga unguwar ba ta dawo ba. Amma a hankali na lura tawayen nasa iri ɗaya ne kullum. In na saita tagar makwabta a hagu, sai ya sha kwana ya sauka a bakin ƙofarmu a dama. Ban gaya wa kowa ba.

Ranar karawa muka zo kwandon ƙarshe kunnen doki. Kwandon na ɓoye a bayan dabinai ta hannun dama, faya-fayan Ammu kuwa hagu suke komawa in sun gaji. Ammu ya jefa mai sheƙinsa, ya daki dabino ya dawo kusan ƙafarsa. Sai Kawu ya tura ni gaba.

"Ya walad, kai yaro," Ammu ya ce, "wannan jifansa za ka yi ko kai shi asibiti?"

Na ce, "Ammu, matsa daga wajen butar shayi."

Suka yi dariya, don butar na can hagu, ba ruwanta da kwando. Ita na saita. Mai dafa shayin ya kwanta flat a rairayi. Faifan ya tafi kamar zai kwashe kofuna, sai ya tuna halinsa, ya kwanta dama, ya zagaye dabinan nan ya ɓace mana. A makaranta na ce da jifa ɗaya ya shige, ƙarar sarƙa har Giza, tattabarun Alƙahira duka suka tashi. Kawu dai na gani da idona ya cire hula yana gudu a rairayi, mutumin da ko ruwa ake yi ba ya sauri.

Da aka watse Ammu ya ja ni gefe, ya rage murya ya tambaye ni yadda faifan ya lanƙwashe, wace mota ce, kuma wane gefe na juya wa rana. Mako mai zuwa ya jera masu sheƙinsa a gaban gilashi tun safe. Ko gezau ba su yi ba. Kawu ya sha shayin Ammu duk sanyin nan yana cewa sukari ya yi kaɗan.

Yanzu an mayar da Kawu Abuja, gwiwa ta zaunar da Ammu, filin kuma an kafa masa ginshiƙan siminti. Mu samari a waya muke gardamar wace roba ta fi, kowa na kukan faifan da aka daina yi alhali bai taɓa riƙe shi ba. Ni na riƙe. Gaskiyar magana kuwa, bai shiga da jifa ɗaya ba. Sandar kwandon ya daka ya faɗi a gindinta, na taka na sa shi da hannu, muka ci da ratar jifa guda. Da sanyi ya shigo faifan ya tsage gida biyu, Kawu ya tafi da rabi, rabin yana kan teburina.