Sarakuna Huɗu a Hannun Orville

Orville Tackett ya yi shekara ashirin da biyu yana ɗaure kusoshin fikafikan jirgin sama a wata masana'anta da ke kudancin Los Angeles. Lokacin da aka rufe sashensu matarsa ta riga ta rasu, ɗansa tilo kuma ya koma Alaska ya daina ɗaga waya. Sai ya nufi wani gidan karta a garin Gardena, aka ɗauke shi aikin cike kujera.

Aikin ba wuya, sai dai cin rai. Gidan na biyansa ladan awa, shi kuma ya zauna a duk teburin da 'yan wasa suka yi ƙaranci, ya yi caca da kuɗin aljihunsa don kada wasan ya mutu. Baƙo na zuwa sai a taɓa masa kafaɗa, ya tashi ya ba da wuri. Kartar da suke yi ita ce poka mai iyaka: a raba kati biyar, a zuba dala uku, kowa ya sauya katin da ba ya so, sannan a zuba shida. Ba mai yin arziki a irin wannan tebur, ba kuma mai tsiyacewa rana ɗaya. A hankali mutum ke ƙarewa, kamar sabulu a bakin famfo.

Mutum ɗaya ce a duk garin ta damu da ko Orville ya wayi gari. Sunanta Bernice, tsohuwar mai dafa wa 'yan firamare abinci, wadda ita ma mijinta ya daɗe a ƙasa. Kullum bas ɗin ƙarfe tara na safe ke sauke ta.

"Kai tsoho, ashe ba ka mutu ba?" in ji ta.

"Ina jira ki riga ni, Madam, in gaji kujerarki."

"Kujerata ta fi ƙarfin mai ciwon baya. Riƙe kofin nan, na sa maka sukari uku, likitanka ya zo ya same ni."

Shekara goma sha ɗaya suna haka. Suna da wata al'ada irin ta tsofaffin gidan, wadda ba su taɓa furta ta da baki ba. In kowa ya jefar da katinsa ya rage su biyu, ba mai zuba wa ɗan'uwansa kuɗi. Ya ƙwanƙwasa tebur da yatsa, alamar ya wuce, ita ma ta ƙwanƙwasa, su buɗe kati, mai rabo ya ɗauka. Dokar gida ta hana wannan, amma an daɗe ana kau da kai.

Sai aka kawo sabon shugaban zaure, wani Mista Gaines, mai sheƙin takalmi da turaren da ke riga shi isa wuri. Wani baƙo ya kai masa ƙara, shi kuwa bai ko ja Orville gefe ba.

"Orville, na ji labarinka da budurwar taka. Nan ba gidan kula da tsofaffi ba ne. Ka sake riƙe kati mai ƙarfi ka yi mata sassauci, to ka ajiye min bajon aikinka a ofis."

Bernice na jin komai. Ta ce, "Rabu da shi, yaron jiya. Na girmi uwarsa."

Orville ya yi dariyar yaƙe. Shekararsa sittin da bakwai. In aka kore shi, ba aikin kaɗai zai rasa ba. Da ɗan fanshonsa ba zai iya zaman tebur kullum ba, ganin Bernice kuma ya ƙare ke nan.

Ranar wata Talata, wajen sha ɗaya na safe, aka raba masa katin sarki guda uku. Ya sauya kati biyu, ya ɗaga su sama kusa da hancinsa saboda idonsa ya fara rauni. Sarki na huɗu ne ke kallonsa. Mutum kan yi wata da watanni bai ga irin wannan hannu ba. Kuma don ƙaddara ta cika, kowa ya riga ya jefar da katinsa, saura shi da Bernice, shi ne kuma zai fara.

Duk mai hankali ya san abin yi: ka zuba shidanka kai tsaye. Ko ta jefar da katinta ko ta biya, a wuce wurin. Amma hannunsa ya ƙi zuwa ga kuɗin. Sai ya yi wata dabara da ya ga kamar ta fi kowace: zai ƙwanƙwasa, ita ma ta ƙwanƙwasa, ta buɗe nata, shi kuma ya jefar da sarakunan a kife ya ce ta cinye shi. Ba wanda zai taɓa sani.

Ya ƙwanƙwasa.

Bernice ta ɗaga yatsa za ta amsa, sai ta hango Gaines tsaye a bayansa. Nan take ta sauya shawara. A zatonta Orville ba shi da komai, don haka in ta zuba zai jefar da katinsa, shugaba ya ga ai wasan gaskiya suke yi, aikinsa ya tsira.

"Shida," in ji ta da ƙarfi, har da ɗaure fuska. "Yau ba sani ba sabo, tsoho."

A lokacin ne turaren ya iske Orville. Ya ji an ɗora hannu a bayan kujerarsa. Gaines tun ɗazu yake nan, ya kuma ga katin. In Orville ya jefar, kora. In ya biya shidan kawai ya yi shiru, ita ma kora ce, don ba mai riƙe sarakuna huɗu ya ƙi yin ƙari.

"Sha biyu," ya ce, muryarsa kamar ba tasa ba.

A wurin waɗannan tsofaffi, ka wuce sannan ka yi ƙari tarko ne, abokin gaba ake ɗana wa shi. Bernice ta daɗe tana kallonsa. Katinta bai kai ta biya ba, amma ta tura shidan.

"Buɗe in gani."

Ya buɗe. Gaines ya dafa kafaɗarsa ya wuce abinsa. Wallahi da mari ya yi masa da ya fi sauƙi.

Orville ya bi ta har tashar bas, yana haki, yana bayanin da shi kansa bai san kansa da gindinsa ba. Ta bar shi ya gama.

"Da ka zuba tun farko, da na gane. Aiki ne, kowa na son cin abinci. Amma ka ƙwanƙwasa min tebur, Orville. Ka nuna min muna nan yadda muke, na miƙo hannu don in rufa maka asiri, ka sare shi a gaban mutane."

"Bernice, katin zan jefar. Na rantse."

"To ai ba ka jefar ba."

Bas ya zo, ta hau.

Ba ta daina zuwa gidan ba, kuma wannan ne ya fi ci masa rai. Ya riƙe aikinsa shekara huɗu bayan haka, yana hango ta kowace safiya tebur uku tsakaninsu, tana tsokanar wasu tsofaffin suna dariya. Ya kan shirya magana tun daga gida, ya zo ya haɗiye ta.

Wata safiya, ranar hutun Orville da ya zo wasa kamar kowane baƙo, gidan ya cika maƙil, Bernice na tsaye jikin bango tana jiran wuri, ƙafafunta sun kumbura don tsayuwa. Sai wanda ke zaune a hannun damar Orville ya tashi. Mai kiran layi ya ɗauki lasifika.

"Madam Bernice, tebur na bakwai, ga kujera!"

Orville ya janye kujerar baya, ya share ta da tafin hannunsa. Ta dube shi daga can, ta dubi kujerar.

"Ba wa na bayana," in ji ta. "Zan jira."