Fim ɗin da Ban Taɓa Kallo Ba

Jama'a, yau ƙaryar da na yi wata huɗu ina yi ta ƙare a Kura.

Kullum idan muna jiran a sako mana ruwa a gona, nakan ba abokan noma labarin wani fim na jirgin da ya tafi sararin samaniya. Ina ce musu na barkwanci da na Indiya duk ba su kama ƙafarsa ba. Alhali ban taɓa kallonsa ba. Hotonsa kawai na gani a bangon silima a Kano, sauran ni na ƙirƙira.

Yau da la'asar wani mai nuna bidiyo ya zo da kaset ɗin fim ɗin. Suka zaunar da ni a gaba, aka kunna. Ko abu ɗaya bai yi daidai da nawa ba.

Da aka gama na miƙe na ce, "Ku yafe mini, ƙarya na yi muku."

Baba Sale, dattijon cikinmu, ya ce, "Zauna, Habu, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Mu dai a labarinka mun bar matuƙin jirgin a duniyar wata, alkamarsa ta kusa bushewa. An sako masa ruwan ko kuwa?"